Rani biyu ina ban ruwa da injin sola na tallafin jiha

Lambunmu na gado ne, a bakin fadama, bai cika eka biyu ba. Kakana da jigo ya yi ban ruwa a cikinsa, guga a wannan baki, curin laka a wancan. Mahaifina ya ga zuwan injin fetur a farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya bazu, aka riƙa haƙa wa manoma ƙananan rijiyoyin burtsatse a cikin lambunansu. Ni kuma zamanin sola ne ya riske ni. Malamin firamare ne ni, noman rani ke toshe mini inda albashi ya gaza, kuma yanzu rani biyu ke nan ina aiki da injin da gwamnatin jiharmu ta sayar mana a rabin kuɗi. Mutane sun dame ni da tambaya ko su ma su nema idan an sake buɗewa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya.

Ba sha'awar sabon abu ta kai ni ba, fetur ne ya kore ni. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta kai 617. Mu da babu gidan mai a garinmu, wajen 'yan bumburutu muke saya, su ma sai sun ɗora nasu. Injina mai inci 3 yana shan kusan lita ɗaya a awa. Ban ruwa ɗaya awa biyar ne, sau biyu a mako, albasa da tumatir kuma sukan ɗauke ni mako 16. Lita 160 ke nan. Abin da da nake kashe wa naira dubu 32 ya koma fiye da dubu 100, ban sa kuɗin baƙin mai da fulogi da makanike ba. Ga shi kuma tumatir ba ya tambayar nawa ka sayi mai. Fabrairu na yi kowa ya kawo nasa kasuwa, kwando ya faɗi warwas.

A rediyo na ji sanarwar. Ta hannun ƙungiyar manoma ake nema: ka cike fom, ka haɗa da lambar NIN, da hoto, da takardar mai unguwa cewa lallai kana da lambu. Ka zuba rabin kuɗin a asusun banki, gwamnati ta cika rabi. A takarda abin ya yi kyau. Amma rabin nan a dunƙule ake son sa, ba biya kaɗan-kaɗan, kuma wa'adin ya faɗo daidai lokacin da kowa ya riga ya zuba abin hannunsa a iri da taki. A ƙungiyarmu waɗanda suka iya biya ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma su ne dama masu ɗan hali. Ni sai da maiɗakina ta ba ni kwasar adashinta, na haɗa da kuɗin rago ɗaya. Wanda fetur ya fi gasawa, mai fangali goma da injin haya, ko kusa da layin bai zo ba.

Mun biya a Nuwamba, ba mu ga kaya ba sai ƙarshen Janairu, albasa ta riga ta yi rabin tafiya a kan fetur. Ranar rabo an kafa rumfuna, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. A layin na ga fuskokin da na tabbata ba su san bambancin yabanyar albasa da ta tafarnuwa ba. Mako bai zagayo ba na tarar da irin injin a kasuwar birni, an ɓare takardar da ke manne a jikinsa. Na bar wannan a nan.

Abin da ke cikin kwalin: farantan sola huɗu, injin da ake ajiyewa a bakin rijiya, ƙaramin akwatin kwantarola mai daidaita wutar da ke shiga injin, wayoyi, mesa mai inci 2, da ƙarfen da ake jingina farantan. Babu batir. Wasu sun yi ta ƙorafi a kan haka, ni kuwa ina ganin wanda ya tsara ya yi tunani. A kayan sola batir ne ya fi tsada kuma shi ke fara mutuwa, musamman a zafinmu. Da an sa shi, da kuɗin ya ninka, bayan shekara biyu ko uku kuma a dawo ana neman sabo.

Ranar farko da na haɗa shi, abin da ya fara ba ni mamaki shiru ne. Na saba da ƙarar inji har cikin kaina, da jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, da warin mai a riga. Wannan sai ɗan gurnani, ruwa na fita. Har kukan tsuntsaye na ji a lambun da na yi shekaru ina shiga.

Sai dai kada kowa ya ruɗe ka cewa zai yi maka aikin injin fetur. Ruwan da yake turowa bai kai rabin na tsohon injina ba, kuma yana da lokacinsa. Da hantsi yakan fara da ɗan tsiyaya, ƙarfe goma ya kama ƙarfi, daga sha ɗaya zuwa biyu yana kan ganiyarsa, la'asar na yi ya fara lanƙwasa. Baffana, wanda lambunsa ke jikin nawa, ya tsaya yana kallo kwana biyu, sannan ya ce, "Malam, wannan injin naka ai ma'aikacin gwamnati ne. Ba ya fitowa sai goma, uku na yi ya tashi." Na ce, "Baffa, amma dai ba ya neman albashi." Ya yi dariya ya ce in jira hazo.

Maganarsa ta taɓa ni ta inda bai nufa ba, domin awannin da injin ke aiki su ne awannin da nake cikin aji. Da, bayan sallar asuba nake ban ruwa, ko da yamma in na taso. Yanzu dole na ɗora ƙanena a kan lambun ranakun makaranta, ina ba shi kasonsa a amfanin gona. Duk mai wani aiki da rana ya sa wannan a lissafi tun kafin ya cike fom. Sannan ban ruwan tsakar rana ba irin na safe ba ne, rana na shan nata kason. Inda ƙasata ke da yashi, siririn ruwan nan kafin ya kai ƙarshen dogon fangali ya nutse a hanya. Sai da na rage girman fangalin, na ƙara sayen mesa don in kai ruwan har bakin kowane ɗaya maimakon in sake shi a magudana. Abin da nake gamawa a wuni ɗaya yanzu wuni biyu ne, amma tunda ba na sayen rana, ban damu in kunna kullum ba. Albasa ma, ga dukkan alama, ta fi son kaɗan-kaɗan a kai a kai da a cika mata ciki sau biyu a mako.

Hazon da Baffa ya ce in jira ya zo a rani na biyu. A Disamba da Janairu akwai ranakun da za ka kalli rana da ido ba ta kashe maka shi ba, a irinsu ruwan yakan ragu sosai. Amma na gano rabin matsalar ba a sama take ba, a kan farantan take. Ƙurar kwana biyu kawai ta isa ta rage ƙarfin. Yanzu kowace safiya ana goge su da tsumma mai laushi da ruwa kafin su ɗau zafi. Na kuma koyi cewa inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya tana ja wa sauran ukun, domin a jere aka haɗa su kamar raƙuman ayari. Wani reshen darbejiya sai da ya tafi. Farantan kudu suke fuskanta, a ɗan kishingiɗe, ba a miƙe ba. Abin da ban zata ba shi ne zafin Afrilu ba ya ƙara musu ƙarfi. Haske suke ci, ba zafi ba, in sun yi zafi da yawa ma raguwa suke yi. Duk wannan babu wanda ya faɗa mana ranar rabo. Takardar da ke cikin kwalin da Turanci da rubutun Sin take.

Inda na fi jin haushi shi ne maganar zurfin rijiya. Injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa, kowane iri ne, ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas. Wannan ba laifin kamfani ba ne, haka abin yake. A fadamarmu ruwa na kusa a Disamba, amma yana ja da baya, Maris na yi ya yi ƙasa. Ni na tsira da haƙa rami kamar tsayin mutum a bakin rijiyar, na saukar da injin ciki, dabarar da muka gada tun zamanin injin fetur. Wani abokina da lambunsa ke kan tudu bai tsira ba. Nasa ruwan ya yi nisa, irin injin da ake zurawa cikin rijiya ya kamace shi, amma iri ɗaya aka raba wa kowa, kamar hular makaranta. Fom ɗin ya tambayi sunan mazaɓata, bai tambayi zurfin rijiyata ba. Da malamin gona ya zagaya da igiya da ɗan dutse ya auna kafin a yi odar kayan, da an huta.

A tsakiyar rani na biyu kwantarola ta mutu. Ƙanena ya tafi sallar azahar, ruwan rijiya ya ja, injin ya yi ta juyawa a bushe, daga nan wuta ja ta kama, shi ke nan. An ce mana akwai garanti na shekara ɗaya. Lambar wayar da ke jikin kwalin ba ta shiga. Na je ofishin da muka kai fom, wani jami'i mai kirki ya ce, "Malam, mu namu rabo ne, gyara sai kamfani." Na ce, "Ranka ya daɗe, ina kamfanin yake?" Ya ce zai bincika. Makaniken garinmu, wanda zai kwance injin fetur ya ɗaure ido a rufe, ya juya akwatin sau biyu ya miƙo mini. Kwana tara na yi a kan tsohon injina, lita ta haura naira 1,000 a lokacin, kafin wani yaro mai haɗa sola a birni ya samo mini wata kwantarolar da ta dace. Kuɗinta ya yi zafi, domin kayan daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460, a lokacin ta wuce 1,500. Saboda haka kada ka sayar da injin fetur ɗinka. Waɗanda suka sayar don su haɗa rabin kuɗin sun yi da-na-sani.

Sata ma abin lissafi ce. Ba a barin faranti ya kwana a lambu. Kullum da yamma a kwance, a ɗora a amalanke, a shimfiɗa buhu tsakaninsu, da safe a mayar. Ɗaya ya riga ya tsage a gefe, yana dai aiki.

Na tsaya a kan gyara ne domin kuɗin nan ba kyautar kowa ba ne. Namu an ce daga kasafin jiha ya fito, wato kuɗinmu. Wasu ayyukan noma da ruwa kuma bashi ne, kamar shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da za a biya da kuɗin jama'a bai kamata ya ƙare ranar ɗaukar hoto ba. Akwai ma misali a gida: a shirin sola na gidaje da hukumar REA ta tarayya, mai samar da lantarki a karkara, ta gudanar, ba a biyan kamfani tallafinsa sai an tabbatar ya kafa kayan a gidan mutum. Da jiharmu ta riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har injin ya cika shekara yana aiki, da lambar wayar nan ta shiga. Da kuma an koya wa makanikai biyu a kowace ƙaramar hukuma, an bar manomi ya biya bayan ya kwashe amfani, da tallafin ya sauka inda aka ce an nufa.

Shi injin kansa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A rani na biyu, duk da kwana taran nan da ranakun hazo, fetur ɗin da na saya bai kai lita 30 ba, maimakon 160. Na mayar wa maiɗakina kuɗin adashinta tun kafin azumi. Idan lambunka bai wuce eka ɗaya zuwa biyu ba, ruwanka na kusa, kayan miya kake yi, kuma akwai mai tsaya maka da rana, ka nema. Idan shinkafa kake yi mai son a cika mata fangali, ko rijiyarka mai zurfi ce, ka fara ganin irin injin da girman farantan da idonka kafin ka zuba ko kwabo.

Bana ina shirin haƙa ɗan tafki a gefen da ya fi tudu, in shimfiɗa masa leda mai kauri, injin ya yi ta cika shi ina aji, in na taso da yamma in saki ruwan da kaina. Baffa ya riga ya aiko a tambaye ni yaushe za a sake ba da fom. Na ce a gaya masa ya fara auna rijiyarsa a watan Maris.