Gripe Water ko saɓawa a kafaɗa: amsa ga mai jaririn da ke tumbiɗi

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki saya wa jaririnki ɗan wata 3 Gripe Water, ruwan maganin ciki na jarirai, saboda tumbiɗi. Ki bar kwalbar nan a kemis, kafaɗarki ta fi ta. Na taɓa sayen Gripe Water, tumbiɗin bai ragu ba. Kuma ɗan wata 3 nono zalla ake so ya sha har ya cika wata 6.

Abin da ya yi mini rana da ɗiyata shi ne dabarar da surukata ta nuna mini. Da ta gama shan nono sai in saɓa ta, kanta a kafaɗata, ina ɗan bubbuga bayanta har ta yi gyatsa, in bar ta a miƙe kamar minti 20 zuwa 30 kafin in kwantar da ita. Nonon ma kaɗan-kaɗan nake ba ta amma akai-akai. Allah Ya saka wa tsohuwar nan, har wankin zannuwa ya ragu. Barci kuwa rigingine, a shimfiɗa madaidaiciya, ban da matashi.

Dalilin tumbiɗi shi ne tsokar da ke rufe bakin ciki ba ta yi ƙwari ba, sai nono ya riƙa dawowa. Yakan fi yawa wajen wata 4, yawancin yara kuma kafin shekara sun daina. In yana tumbiɗi yana wasansa, nauyinsa na hawa a katin awo, ki kwantar da hankalinki.

Wanda ke banƙarewa da kuka yana tsakar shan nono, ko yana ƙin kamawa, ko yawan tari, ko awo ya tsaya, wannan sai likita. In kuwa aman na fitowa da ƙarfi kamar an watsa, ko kore ne, ko da jini, ko maɗiga ta faɗa, ko fitsari ya ragu, ko akwai zazzaɓi, kada ki kwana. Tunda kina Gusau, ki wuce asibitin tarayya na FMC ko asibitin Yariman Bakura.

Ki kuma yi hattara da masu tallan magani a kasuwa da ke cewa kwalba ɗaya tana maganin tumbiɗi da haƙori da ciwon ciki. Wasu har lambar NAFDAC ta jabu suke bugawa. A 2008 maganin haƙori na My Pikin ya fara kashe yara a ƙasar nan, sama da 80 suka rasu. Kada ki ɗura masa abin da likita bai rubuta ba. Allah Ya raya mana shi.