Bridge Master na BBO: in kana son gyara bugunka na dikilara, nan za ka fara

Jama'a masu wasan birij, wato wasan karta na mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, ga ra'ayina a kan Bridge Master, wannan manhajar atisaye da ke cikin Bridge Base Online, wato BBO. Fred Gitelman ɗan Kanada ne ya ƙirƙiro ta, shi ne dai ya kafa BBO ɗin kansa da ya fara aiki a 2001, kuma yanzu tana cikin sashen atisaye kyauta, akawun kawai za ka buɗe, a waya ko a kwamfuta.

Abu ɗaya tak take koyarwa, bugun dikilara, wato kai ne ka ci tayi (cinikin da ake fara yi kan yawan zagayen da ɓangarenku zai ci), kartan abokinka, wanda ake kira domi, na shimfiɗe a tebur, kai za ka buga hannu biyun har ka cika kwantiragi, wato yawan cin da kuka yi alkawari a tayin. Mataki 5 ne, daga na sabon shiga har na 5 wanda ko gwanayen duniya sai sun zauna sun yi tunani. Amma abin da ya sa nake yabonta ba yawan hannuwan ba ne, yadda aka gina ta ne. Kartan abokan hamayya ba a kafe suke ba, in ka bi hanyar da ba ita ce mafi kyau ba sai manhajar ta jera su yadda dole ka faɗi. Ma'ana babu sa'a a ciki sam. A tebur na gaske mutum zai yi fines (zan bayyana shi a ƙasa) ɗin da bai kamata ba, Sarki ya zo a inda yake so, ya ci, ya tashi yana ganin ya iya, gobe ya sake, haka zai shekara goma bai san yana kuskure ba. A nan kuwa wallahi duk fines ɗin da ba dole ba sai ya faɗi, kowane lokaci, har sai ka tsaya ka tambayi kanka to wace hanya ce kuma ta rage.

Ga wanda bai sani ba, fines shi ne misali kana da As da Kwin a domi, Sarki na wajen abokan hamayya, sai ka buga ƙarama daga hannunka ka sa Kwin da fatan Sarkin na hannun wanda ya riga domi bugawa. Kashi 50 cikin 100 ne, ko ya ci ko ya faɗi, kuma daɗinsa ne ke ruɗar mutane.

Bari in ba da irin darasin da take ta nanatawa. Kana buga 3NT, wato kwantiragin ci 9 ba tare da wani iri mai yanka ba, kana da ci 8 a hannu kana neman na 9, abokan hamayya sun riga sun fasa maka sifed tun bugun farko (sifed, hat, daimon da kulob su ne iri huɗu na karta). Kana da As Sarki Kwin da ƙarama ɗaya na daimon, domi na da ƙanana uku, sannan ga As da Kwin na kulob a domi. Mai gaggawa zai ruga fines ɗin kulob, in ya faɗi shikenan sun kwashe sifed ɗinsu an gama. Alhali in ka fara buga daimon babu abin da ka rasa, guda 6 ne a waje, za su rabu 3-3 kusan kashi 36, in sun rabu haka ƙaramarka ta zama ci na 9 ba ka ma taɓa kulob ba, in ba su rabu ba fines ɗinka na nan yana jiranka. Ka haɗa biyun ka tashi daga 50 zuwa kusan 68. Karta ɗaya ce fa, tsarin bugawa kawai ya canja.

Daga nan ne mutum ke fara haddace alƙaluman da kansa ba tare da an tilasta shi ba. In 5 ne a waje, 3-2 kusan kashi 68, 4-1 kusan 28. In 6 ne, 4-2 ta fi 3-3 yawa, kusan 48. In 4 ne, 3-1 kusan 50, 2-2 kusan 41. Ka lura, in adadin na waje mara ne sun fi rabuwa kusa da daidai, in cika ne kamar 4 ko 6 ba su cika rabuwa biyu daidai ba.

Inda na fi jin daɗinta shi ne batun neman Kwin. Turawa na da ƙa'idar da suke koya wa sabon shiga, wai in kana da 8 a iri ɗaya yi fines, in 9 ne buga As da Sarki ka jira ta faɗo. Gaskiya ce, amma a 9 ɗin tazarar kaɗan ce ƙwarai, kamar 52 da 48, ƙaramin labari ma ya isa ya juya ta. Misali ɗaya daga abokan hamayya ya buɗe tayi da 3 na hat, ka san yana da 7 ke nan, in ku kuna da 4 to abokinsa 2 gare shi, saura gurbi 6 a hannunsa shi kuwa abokin 11, to wa ya fi kama da mai riƙe Kwin ɗin da kake nema a wani irin? Ai sai ka yi fines ta kan abokin ka ajiye ƙa'idar gefe. Haka nan in Kwin da Jak ne a waje kana da 9, ka buga Sarki sai wanda ke bayan As da 10 ɗinka ya jefo Jak, to fines da 10 ya fi buga As damar ci kusan ninki biyu, don da yana da Kwin da Jak tare zai iya jefo kowacce, wanda yake da ɗaya tilo kuwa ba shi da zaɓi. Wannan sai ka buga shi da hannunka kafin ya zauna maka a kai.

Bayan kowane hannu akwai maɓallin nuna amsa, yana bi da kai bugu bayan bugu yana faɗin dalili. Shawarata kar ka yi saurin danna shi, sake gwadawa tukuna.

Abin da ba ta da shi kuma a faɗa. Ba ta koyar da tayi, ba ta koyar da tsaron gida, wato bugun masu neman kayar da dikilara, bayanin da Turanci ne na 'yan birij wanda sabon shiga zai ɗan sha wuya da shi, kuma burinta cika kwantiragi ne kawai, don haka mai buga gasar da ƙarin ci ɗaya ke da daraja sai ya nemi wannan a wani wajen. Sannan babu karantar mutum, jinkirinsa ko siginar da yake ba abokinsa, wannan sai a tebur da mutane, kuma BBO ɗin na da tebura dare da rana.

Ko da kana ganin ka daɗe a wasan, dan Allah fara daga mataki na 1 ko na 2, akwai hannuwan da ke koyar da riƙe As sai zagaye na uku da kiyaye hanyar shiga domi, su ne ginshiƙin abin da za ka tarar a mataki na 3.