WhatsApp Business: ta iya riƙe kwastoma, amma ba ta nemo shi

Tun watan Janairun 2018 WhatsApp Business ta fito, amma har yau da yawa daga cikin masu sayar da kaya ta waya sun sauke ta ne kawai don su samu WhatsApp biyu a waya ɗaya. Wannan asara ce. Na daɗe ina aiki da ita a harkar atamfa, leshi da turaren wuta, kuma ra'ayina a kanta bai canza ba: wajen riƙe wanda ya riga ya yi sallama, da kuma sallamarsa cikin sauri, ban ga manhajar kyauta da ta kama ƙafarta ba. Nemo sabon mai saye kuwa ba aikinta ba ne, kuma yawancin masu kuka da ita wannan nauyin suka ɗora mata.

Kafin komai, a ware mata layinta. Lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na gida da na kasuwanci a lokaci guda, dole ɗaya ya saki. Idan tsohon layinka kwastomomi suka sani, ana iya mayar da shi, hirarrakin za su biyo ka, amma ka fara adana su a Google Drive kafin ka taɓa komai. Ka sani kuma tun daga 2024 wannan ajiyar tana cin wuri a cikin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, mai tura bidiyon kaya kullum kuwa ba ya daɗewa bai cika su ba. Ka cire bidiyo daga cikin abin da ake adanawa, rubutu da hotunan rasit su ne abin bukata. A ranar farko ɗin nan ka sa lambobin sirri shida na tabbatarwa mataki biyu, ka haɗa da imel. Masu kwace asusu kira suke yi su ce an turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure, ko za a sa ka a wani guruf na tallafi. Wanda ya karanta musu lambobin alhali bai sa wannan makulli ba, ya miƙa musu shagonsa da kwastomominsa gaba ɗaya.

Katalog, wato wurin jera kayan sayarwa a cikin manhajar, shi ne sashen da ya fi rage mini wahala, shi ne kuma aka fi yi wa aikin ganin dama. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotuna har goma, da suna, farashi, bayani da lambar kaya. Lambar kayan nan kada a raina ta. Idan atamfa talatin duk sunansu "atamfa mai kyau", kwastoma za ta turo hoton da ta ɗauka daga fuskar waya ta ce "wannan nake so", kai kuma ka shiga zazzage kaya kana gwada zane da zane. Idan kuwa kowace tana da lambarta, A14 ko L07, kuma ka liƙa takarda mai wannan lambar a jikin turmin, magana ta ƙare da kalma ɗaya. A bayani a rubuta abin da ake tambaya kullum: yadi nawa ne, auduga ce ko roba, tana zuba ko ba ta zuba. A turare a faɗi girman kwalba. Hoton farko ya zama na hasken rana, a inuwa, ba ƙarƙashin farin kwan shago ba, domin kwan yana mayar da ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ake samun "ba wannan kalar na gani ba". Na biyu a matso da kyamara har zaren ya fito. Farashi kuma a sa shi. Ɓoye farashi don a ja mutum ya yi magana yana cika waya da "nawa?" ɗari, ciniki biyu.

Inda katalog ya gaza shi ne ba ya ƙirga kaya. Ko turmi ɗaya ya rage ko hamsin, shi dai yana nunawa, sai ka shiga da hannunka ka ɓoye abin da ya ƙare. Ɓoyewa ta fi gogewa, tunda idan kayan ya dawo dannawa ɗaya ce. Kowane abu da ka ɗora sai an duba shi kafin ya bayyana ga mutane, kuma dokar kasuwancin WhatsApp ta hana magunguna, taba da kayan ƙarin kuzarin aure, don haka masu kayan mata da masu maganin gargajiya su san da wannan kafin su ɓata dare suna ɗora hotuna. Kwandon saye da ke jikin katalog ɗin shi ma saƙo kawai yake turo maka mai jerin abin da mutum ya zaɓa. Biyan kuɗi a cikin manhajar yana aiki a Indiya da Brazil, a Najeriya da Nijar babu shi. Taransifa ce dai, kuma hoton rasit ba kuɗi ba ne: ka buɗe manhajar bankinka ka ga sun zauna kafin kaya su tafi tasha.

Abu biyu ne suka sa nake ganin manhajar ta cancanci a koye ta da kyau, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa. Na farko amsoshin da ake ajiyewa. Kana iya adana har 50, kowace da gajeren suna, idan ka danna alamar / a wurin rubutu sai su fito ka zaɓa. Guda biyar sun ishi mai farawa: lambar asusun banki da sunan da ke kai, kuɗin aike zuwa garuruwan da ka fi turawa, kwatancen shago, sharaɗin mayar da kaya, da saƙon da ke neman cikakken suna, gari, tashar da za a karɓa da lambar wanda zai karɓa. Na lambar asusu ya fi kowanne muhimmanci, domin rubuta lambobi goma da hannu sau talatin a rana wata rana sai an yi kuskuren ɗaya. Na biyu lebul, wato alamar launi da ake liƙa wa hira. Manhajar tana zuwa da biyar: sabon kwastoma, sabuwar oda, ana jiran biya, an biya, an kammala. Ana iya ƙarawa har su kai 20. Ni na ga amfanin ƙara "an kai tasha" da "mai sari". Amfaninsu yana fitowa ne da yamma: ka buɗe "an biya" ka ga mutum bakwai, ka ƙirga ƙullin da ke gabanka ka ga shida, ka san akwai wadda aka manta tun kafin ita ta kira da faɗa. Sai dai lebul ba ya canza kansa. Idan ba a mayar da shi al'ada ba, cewa duk hirar da aka taɓa sai an gyara alamarta kafin a fita, cikin mako biyu zai zama ado.

Saƙon maraba yana tafiya da kansa ga wanda ya yi maka magana karon farko, ko wanda ya yi kwana 14 bai yi ba. A taƙaita shi: sallama, mahaɗin katalog, lokacin da ake amsawa. Saƙon "ba na kusa" ana saita masa sa'o'i. Dukansu biyun sai wayar tana kan intanet suke fita, idan caji ya ƙare ko data ta yanke, shiru mai saye zai ji.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. Burodkas, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, amma saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Mutum ya kwashi lambobi daga guruf-guruf, ya cika jeri huɗu, ya tura, ya zauna yana jiran ciniki, alhali mafi yawansu ko ƙarar saƙon ba su ji ba. Alamar tana nan a fili: ka danne saƙon ka duba bayaninsa, za ka ga waɗanda ya isa gare su. Sitatus ma haka yake, sai kun ajiye lambar juna yake ganuwa, bayan awa 24 kuma ya ɓace. Ma'ana duka biyun suna magana ne da mutanen da ka riga ka samu. Wanda ya gane haka sai ya koma tura wa baƙi saƙo ɗaya bayan ɗaya, ko ya zuba su a guruf ba da izininsu ba, su kuma su yi ta danna toshewa da kai ƙara, daga nan a rufe layin. Masu sauke GB WhatsApp da ire-irensa don tura saƙo da yawa su ma rufewar ce ke jiransu, domin ba manhajojin kamfanin ba ne. Hanyar da ke aiki mai sauƙi ce: duk wanda ya saya, a saƙon godiya ka roƙe shi ya ajiye lambar don ya riƙa ganin sabon kaya. A sitatus kuma hoto biyar zuwa takwas masu farashi sun fi arba'in. Idan layin da ke saman fuskar waya ya koma ɗige-ɗige saboda yawan hotuna, mutane wucewa suke yi, wasu ma su kashe sitatus ɗinka gaba ɗaya ba ka sani ba.

Sabon mai saye daga waje yake zuwa: Instagram, Facebook, TikTok, ko takardar da ke cikin ledar kaya. Abin da manhajar ta ba ka shi ne ƙofa. Mahaɗin wa.me, wanda ke buɗe hira da kai idan an danna shi, ana rubuta shi da lambar ƙasa, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, sannan lambar waya ba tare da sifirin farko ba, ba alamar tarawa, ba tazara. Sifirin nan shi ne kuskuren da ya fi kashe mahaɗi. Akwai kuma lambar QR da za a buga a manna a ƙofar shago.

Maɓallin talla da ke cikin manhajar yana kai tallarka Facebook da Instagram, wanda ya danna ya faɗo kai tsaye cikin hirarka. Yana aiki, kuma don gwajin farko ba laifi. Amma zaɓinsa kaɗan ne idan aka gwada da Ads Manager, shafin tsara talla na Facebook da Instagram, inda za ka iya dasa alama a taswira ka ce daga kilomita 1 zuwa 80 kewaye da nan, ka kuma gwada hotuna biyu ka ga wanda ya fi ja. Mai kai kaya cikin Kano kaɗai ba shi da dalilin biyan kuɗi a nuna wa mutumin Fatakwal. A lissafi a tuna da harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa kan tallan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, Instagram da WhatsApp, a Najeriya tun Janairun 2022. Kuma kada yawan saƙo ya ruɗe ka. A ce ka kashe naira 20,000, da haraji 21,500, mutum 100 suka yi magana, biyar suka saya. Kowane ciniki ya ci 4,300 ke nan. Idan ribar turmi 3,000 ce, an yi asara duk da wayar ta wuni tana ƙara, sai fa in cikin biyar ɗin akwai masu dawowa. Nan lebul ke sake amfani: ka buɗe ɗaya mai suna "daga talla", bayan wata guda ka ƙirga nawa suka koma "an biya". Abin da ke rage masu "nawa?" su ɓace shi ne sa farashi a jikin hoton tallar, da amsawa cikin mintuna. Wanda ya danna talla yana tsakiyar kallon wani abu ne, idan aka bar shi awa uku ya manta ma ya yi magana. Saboda haka kada a kunna talla a ranar da babu mai zama kan waya.

Idan shago ya girma, ana iya haɗa na'urori huɗu da babbar wayar, yaran shago su riƙa amsawa daga kwamfuta ko wata waya. Kowa yana ganin komai, har da hirar dillalinka da farashin sari, don haka harkar sari a bar ta a wani layin. Idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba, sauran duk za su fita. Yaron da ya bar aiki kuma, a ranar za a shiga jerin na'urorin a cire tasa. Wanda saƙonninsa suka fi ƙarfin mutum biyar ya wuce wannan manhajar, sai dai WhatsApp Business Platform na manyan kamfanoni, wanda shi biya ake yi kuma yana bukatar wanda zai haɗa shi.