Kafin Ka Sayi Green Arrow: Faifan Arrow ko Littattafan Zane?

Wanda ya san Oliver Queen, wato jarumin maharbi Green Arrow, ta shirin Arrow na tashar CW, wanda aka fara nunawa a 2012 aka kammala a 2020 bayan zango 8 da kashi 170, zai iya ɗauka cewa miyagun da ya gani a talabijin su ne zai tarar a littattafan zane na kamfanin DC. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne mutane suke yin sayen da-na-sani.

Wannan maharbi ya fara fitowa ne a 1941, amma ya daɗe ba shi da manyan abokan gaba na kansa, shi ya sa masu shirin suka yi ta aro. Slade Wilson, wanda Manu Bennett ya fito a matsayinsa a zango na 2, asalinsa makiyin ƙungiyar matasan jarumai ta Teen Titans ne, Ra's al Ghul na zango na 3 kuwa daga gidan Batman aka ɗauko shi. Na cikin gida su ne irin su Merlyn, maharbi mai baƙaƙen kaya da ya bayyana a 1971, da Count Vertigo na 1978. Saboda haka, idan gabar Oliver da Slade a tsibirin Lian Yu ce ta ɗauke maka hankali, faifan zango na 2 za ka nema, domin shirin ne ya gina ta.

A ganina ba lallai ne a sayi dukan zangunan ba. Na 1 da na 2 da na 5, inda Prometheus ya riƙa azabtar da Oliver da tsofaffin laifuffukansa, su ne suka cancanci kuɗinsu. Na 4, mai Damien Darhk da tsafe-tsafensa, ya yi nisa da baka da kibiya. A kuma duba lambar yanki a bayan kwalin DVD, don na Amurka ba kowace na'ura ce take karanta shi ba.

A ɓangaren littattafai, wanda ya fi kusa da shirin shi ne Year One na 2007, na Andy Diggle da Jock, labarin attajirin saurayi da ya tsinci kansa a tsibiri ya kuma ci karo da China White, mai safarar miyagun ƙwayoyi. Gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya, kuma daga sunan marubucinsa aka samo sunan John Diggle, abokin Oliver a shirin. Sai aikin Jeff Lemire da Andrea Sorrentino da ya fara a 2013, mai ɗauke da Komodo da wani Count Vertigo mai ban tsoro ƙwarai. Mai neman miyagu na gaske nan ya kamata ya sa kuɗinsa.

The Longbow Hunters na Mike Grell, na 1987, daban yake. Oliver ya manyanta, ya koma Seattle, ya ajiye kibiyoyin dabara irin mai safar dambe a baki, ya koma masu tsini da suke huda jiki. Akwai jini da azabtarwa a ciki, don haka kada a saya wa yara. Haka ma tarin labaran Dennis O'Neil da Neal Adams na farkon shekarun 1970, inda aka gano yaron da Oliver yake riƙo, Roy Harper, yana yi wa kansa allurar ƙwaya, ya fi dacewa da mai son tarihin jarumin, domin miyagun ciki yawancinsu azzaluman masu gidajen haya ne da masu wariyar launin fata.