Gwajin jinin staf da aka yi wa ƙanena, ga yadda lab ɗin suka yi mana

Ƙanena ya ji ciwo a ƙwauri, raunin ya warke ta waje amma ƙashin bai daina zogi ba, dare na yi sai zazzaɓi, wajen kuma in ka taɓa zafi rau. Likita ya ce yana zargin staf ce ta shiga ƙashi, wato Staphylococcus aureus, wannan bakteriyar mai kawo maruru da mugunya. Matsalar kafin mu je asibiti yaron ya riga ya sha antibayotik na kwana 5, da aka yi kalca na jini, wato aka ajiye jinin a lab a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, ba abin da ya tsiro, shi ne aka tura mu wani lab mai zaman kansa a duba antibodi, wato sojojin da jiki ke haɗawa in cuta ta shigo.

Wajen tsaf yake gaskiya, kuma ba mu daɗe a layi ba. Matar da ta ɗibi jinin a gabanmu ta ɓare sabon sirinji, ta ɗaure masa hannu da roba, sau ɗaya ta samu jijiya, ta rubuta sunansa a jikin kwalbar tun bai tashi daga kujera ba. Amma abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne bayanin da ta tsaya ta yi min. Na ce mata to in an ga antibodin shi ke nan staf ce ko? Ta ce a'a Malam, ai kusan kowa in aka duba jininsa za a samu, don wajen mutum 1 cikin 3 na yawo da ita a hanci lafiyarsa ƙalau, tun muna yara jiki ya santa. Ta ce lamba ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an sake ɗiba bayan kamar sati 2 a gani ko ta hau, don sojojin ba sa taruwa rana ɗaya, nau'in da ake kira IgM ke fara fitowa sannan nau'in IgG ya biyo baya ya daɗe.

Wallahi na ji daɗin wannan gaskiyar, don da ta ga dama ta yi aikinta ta yi shiru. Har ta ƙara min da cewa gwajin nan, irin su antistafilolisin da na sinadarin tekoyik da ke bangon ƙwayar, tsofaffi ne, an fi amfani da su a ciwon da ya ɓuya ciki kamar na ƙashi ko na bawul ɗin zuciya, kuma ba sa faɗa maka maganin da zai kashe ta, kalca ne ke nuna ko MRSA ce, wato staf mai taurin kan nan da ba ta jin wasu magunguna, da aka fara gani a Ingila a 1961. Daga baya na karanta cewa ƙwayar na da wani furotin A da ke cafke antibodi ta wutsiya ya juya shi baibai ya kasa aiki, kuma har yau babu allurar rigakafinta da aka amince da ita, abin ya ba ni tsoro sosai.

Inda suka ɓata min rai shi ne sakamakon. Sun ce kwana 3, sai da ya kai 6, ba kira ba tes, ni na yi ta sintiri yaro na kwance yana juyi. Takardar ma da ta fito lamba ce kawai da wasu haruffa, ba layi ko ɗaya da ya ce a sake gwaji, wanda bai haɗu da waccan matar ba zai ɗauka an gama ne, ko ya tsorata ya je ya sayi magani da kansa, wannan kuma haɗari ne babba.

Mun koma bayan kwana 14, wannan karon a kan lokaci suka bayar, kuma lambar ta hau sosai. Likita ya haɗa da hoton MRI, aka ɗebo samfur daga ƙashin aka yi kalca, staf ɗin ta tsiro, aka gane maganin da zai kashe ta. Yanzu yana sati na 4 cikin 6 da aka rubuta masa, ya fara taka ƙafar. Zan sake zuwa lab ɗin in buƙata ta taso, amma na bar musu saƙo a teburin karɓar baƙi cewa don Allah su riƙa rubuta ranar dawowa a jikin takardar.