Ƙafafun bindiga don farauta a duwatsu: Harris, Atlas ko Javelin?

Ƙanena, ka ce za ka je duwatsun Adar, wajen Buza da Keita, tafiyar kwana biyu ko uku a ƙafa da jaka a baya, kuma kana son sanin waɗanne ƙafafu za ka sa wa bindigarka, irin biyun nan da ke tallafe ta wurin harbi, tsakanin Harris, Atlas da Javelin. Ukun duka na riƙe su a hannu, biyu na yi yawo da su.

Harris ita ce tsohuwar hannu, ƙirar Amurka, daga jihar Kentaki. Ana ɗaure ta a ɗan ƙusan nan na gaba da ake maƙala maratayi, babu huda komai. Ƙafafunta na da sifirin, da ka ja sun tsaya, shi ya sa ta fi sauran sauri. Gajerar tana tashi daga santimita 15 zuwa 23, nauyinta ya kusa giram 400. Idan ita za ka saya, nemi mai harafin S, domin ita ce ke karkata hagu da dama. A kan dutse da wuya ƙafafu biyu su sami wuri daidai, bindigar da ta jirkice kuwa harsashinta gefe yake zuwa. Aibinta biyu: tana ƙara idan ta buɗe, sifirin ɗin kuma yana kama ciyawa da ƙarangiya.

Atlas ma ta Amurka ce, daga Kansas, da alminiyam aka yi ta. Kowace ƙafa tana tsayawa a wuri biyar, har da rabin kwance gaba ko baya, kuma kanta yana juyawa ya bi dabba. A tsagin dutse babu kamarta wajen zama daram. Sai dai tana son layin ƙarfen da ake kira Picatinny a ƙarƙashin bindiga, kowace ƙafa sai ka danna ka buɗe ta ita kaɗai, ga tsada. Ta fi dacewa da mai zama wuri ɗaya yana jira.

Javelin ta kamfanin Spartan ce a Ingila, kuma tunaninta daban ne. Ƙafafun na zaren kabon ne, mafi sauƙinsu bai kai giram 200 ba, kuma ba ta kwana a jikin bindiga. Ɗan soket ake sawa a madadin ƙusan maratayi, ita kuma tana aljihunka, in buƙata ta zo maganaɗisu ya kama ta nan take. Wanda bai taɓa yini da bindiga a kafaɗa ba zai ce giram 200 ba komai ba ne. Amma nauyin da ke can gaba shi ke rinjayar bindiga, ga ƙarfe yana sukar baya duk taku, kai kuma kana ɗauke da ruwan da kowace lita kilo guda ce. Ni a nan na fi karkata. Ka dai sani abin da ke cirewa yana ɓacewa, kuma ramin soket ɗin yana shan yashi, dole a riƙa busawa.

Abin da ya fi damuna shi ne dukansu an fi yin su don harbi a kwance, rub da ciki. Sau nawa ƙasarmu ke barinka ka kwanta? Bayan damina gamba da sabara sun rufe gabanka, tsidau na jiran gwiwar hannu, da rani kuwa dutsen Adar ba ya kwantuwa da tsakar rana. Yawancin harbin da na yi a zaune ne ko a durƙushe. Harris tana da doguwa mai kaiwa kusan santimita 69, amma nauyinta ya haura rabin kilo, kuma tana da tsangwama a tafiya. Sandunan gora biyu da aka ɗaure da robar tayar babur suna yin wannan aikin, su kuma zame maka abin dogarawa wurin hawa. Da ni ne, Javelin a aljihu da sanduna a hannu. In kuɗi bai kai ba, sanduna da jakarka sun isa, ka ɗora bindiga a kan jakar.

Ka guji jabu, Harris da Atlas sun fi shan kwaikwayo. Na taɓa sayen wata mai araha, ƙafarta ta zube daidai lokacin da na taɓa kunama, dabbar ta tafi da rauni, har yau abin yana cina. Kada kuma ka sayi mai damƙe bututun bindiga, tana canza inda harsashi ke sauka. Duk wadda ka sa, sake gwada saiti da ita kafin ka fita. In kuma bindigarka mai watsa ƙwayoyin dalma ce irin ta harbin zabi, riƙe kuɗinka, ba ta buƙatar ƙafafu.

Kafin ka bar Maradi ka je wurin ma'aikatan gandun daji. Dokar 1998 ce ke tafiyar da farauta a Nijar, su za su faɗa maka lokacin da aka buɗe da dabbobin da aka hana. Gadabeji gandu ne mai kariya tun 1955, ba a harbi a ciki. Takardar bindiga da ta farauta su kasance a jikinka, ka kuma gaida mai garin da za ka bi ta ƙasarsa, domin a halin da ake ciki baƙo da doguwar bindiga a daji ba a yi masa kallon mafarauci.