Sharhi: memorin makaɗan jita da na sa aka cika min

Na kai memori wajen wani yaro mai tura waƙoƙi a bakin kasuwarmu, na rubuta masa sunaye uku a takarda: Jimi Hendrix, Mark Knopfler, Rory Gallagher. Kuɗin turi kun san shi, bai ƙara min ko sisi ba. Hendrix da Knopfler sun shigo lafiya lau.

Abin da ya sa nake wannan rubutun wani folda ne da ban nema ba. Da zai miƙo min memorin ya ce, "Baba, na sa maka wani Buzun Nijar gyara, ka ji shi." Mdou Moctar ne. Wallahi tun daga ranar ban koma kan sauran ba. Bahago ne kamar Hendrix, amma ba ya riƙe ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi. A bidiyon da ke ciki ana ganin manuniyarsa tana sharar tsirkiya sama da ƙasa har ido ya kasa binta, ganga na sukuwa a bayansa, shi ko yana naɗe da rawani, ko gezau. Gudun yatsa kaɗai ba ya burge ni, yara da yawa sun iya. Abin da ya kama ni shi ne yadda yake komawa kan gaɓa ɗaya yana juya ta, yana ƙara mata zafi, sai ka ce mai gurmi ya samu lasifika. A wajena gwani shi ne wanda da ya taɓa tsirkiya za ka ce wane ne, ko ba ka ga fuskarsa ba. Knopfler yana da wannan, wannan bawan Allah ma yana da shi.

Ashe jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Faifansa na farko kuma a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinanmu, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth kafin Turawa su san da shi. Mu da ke kusa sai yanzu wasunmu ke ji.

To amma yaron nan ya ɓata min rai, kuma da na tuna sai abin ya dawo sabo. Foldar da ya rubuta wa Gallagher, waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Ingila Oasis ne cike a ciki. Ya ga sunan makaɗin jitarsu Noel Gallagher ya kwaso! Rory fa nake nufi, mutumin Ayalan da ya rasu a 1995 yana da shekara 47, mai tsohuwar jitar lantarkin nan ƙirar Stratocaster ta 1961 da fentinta ya goge saura katako. Ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones ta gwada shi a 1975 bayan tafiyar makaɗin jitarta Mick Taylor, amma yau in ana lissafin manya da wuya a ambace shi. Saboda shi na je tun farko.

Na koma, ya ce min, "Baba, ai duk Gallagher ne." Ya yi alkawarin gyarawa, har yanzu wai netiwok. Ga wasu waƙoƙin Hendrix ma da na sake saurara da abin kunne, an matse su har sautin ya zama gwangwani.

In za ku kai masa aiki, ku zauna a gefensa ya kunna kowane folda ku ji kafin ku biya.